Karatun Kula da Ma'aikata: Abin da Muka Koya a Kantin Kwari

  Mun san wasunku sun baro hatsi a masussuka domin su zo su saurare mu, saboda haka ba za mu ɓata muku lokaci ba.

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka, tambayoyi biyu sun fi zuwa mana daga bakin iyaye. Na farko, uba ya ce mana: "Ɗana yana zaman shago a Kano shekara huɗu ke nan, amma ban san a kan me yake zaune ba." Na biyu, uwa ta ce mana: "'Yata ta gama sakandare, ta ce za ta karanta kula da ma'aikata. Mene ne wannan? Akwai abinci a cikinsa?" Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya. Duka suna magana ne a kan yadda ake riƙon mutumin da ke yi wa wani aiki. Shi ya sa muka haɗa su a jawabi ɗaya.

Kasuwar da ke cin 'ya'yanmu aiki

Kowace shekara idan an gama girbi, samari daga ƙauyukan Rogo, Sumaila, Tudun Wada, Ikara da Malumfashi sukan ɗauki jaka su nufi Kano cin rani. Da yawa daga cikinsu a tsakanin Fagge da Sabon Gari suke tsayawa, inda Kantin Kwari take, da kasuwar Singa, da kasuwar Sabon Gari wadda aka sa wa sunan Abubakar Rimi.

Wannan yanki ya tashi ne bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Baƙi daga kudu suka zauna a Sabon Gari, 'yan kasuwa Kwarori daga Labanan da Siriya kuma suka kafa kantunan yadi a Fagge. Bayan dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, kantuna da yawa suka koma hannun 'yan Najeriya. A yau Kantin Kwari na cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma. Atamfa, shadda, leshi da yadi suna shigowa dila-dila, masu saye kuma suna zuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru.

Wanda ya shiga Kwari, kaya yake fara gani. Mu kuwa mun je ne mu ga mutane. Akwai maigida mai jari. Akwai yaron shago mai buɗewa da rufewa da auna yadi. Akwai akawu mai riƙe littafi. Akwai dillali mai cin la'ada. Akwai ɗan dako da mai baro, masu ɗaukar dila daga mota zuwa sito. Akwai maigadi, direba, tela, mai kawo abinci. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙi fitowa, ciniki ya tsaya. To, wa yake ɗaukarsu aiki? Wa ya tsayar da abin da za a ba su? Wa ke sauraron kukansu? Idan dila ta faɗo wa ɗan dako a baya, wa ke biyan kuɗin asibiti? Amsa waɗannan tambayoyi shi ne aikin da ake kira kula da ma'aikata.

Alkawarin baka

A Kwari da Sabon Gari akwai tsohon tsari mai kyau. Yaro ya zauna da maigida wasu shekaru, ya ci, ya sha, ya koyi ciniki, ya san masu kawo kaya da masu saye. Idan lokaci ya yi, maigida ya sallame shi da jari, ko ya buɗe masa tebur, ko ya riƙa ba shi kaya bashi har ya tsaya da ƙafarsa. 'Yan kasuwa Hausawa suna yin haka, 'yan kasuwa Ibo ma a Sabon Gari suna da irin nasu. Manyan attajirai da yawa ta wannan hanya suka tashi, kuma mun ga iyayen gida masu riƙon amana waɗanda suka yi wa yaransu aure, suka kai su asibiti, suka sallame su da mutunci. Ba mu zo mu rushe wannan tsari ba.

Amma yana da rauni guda ɗaya: yawancinsa a baka ake yi. Bari mu ba ku labarin wani saurayi da muka sani, daga ƙauye irin wannan. Ya yi shekara bakwai a wani shagon atamfa. Maigidansa mutumin kirki ne, ya kuma sha gaya masa cewa bayan salla zai sallame shi. Kafin lokacin ya zo, maigida ya kwanta ciwo ya rasu. Magada suka zo rabon gado. Suka buɗe littafi, suka ga bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi, amma ba su ga sunan yaron ba. Ba mugunta suka yi masa ba, ba su san da maganar ba ne. Babu takarda, babu shaida. Aka ba shi kuɗin mota da turmi biyu, ya dawo gida da shekara 26, ba jari, ba takardar makaranta. Mahaifinsa ya ce mana da ya san haka, da ya bar shi a gona.

Ba mutuwa kaɗai ke kawo wannan ba. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A damunar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa. Idan irin wannan ta faru, ana lissafa asarar maigida, amma ba a cika lissafa ta yaron da ya yi shekaru yana jiran sallama ba. Takarda guda ɗaya mai sa hannu da shaidu biyu ba za ta kashe gobara ba, amma za ta sa a san cewa akwai haƙƙinsa a cikin abin da ya rage.

Mene ne aikin jami'in kula da ma'aikata?

A kamfani, ko banki, ko asibiti, ko babbar makaranta, akwai ofishin da aikinsa ke nan. Za ku ji ana ce masa HR. Ga abin da mai wannan ofis yake yi.

Yana ɗaukar ma'aikata. Shi ke rubuta irin aikin da ake bukata, ya sanar, ya tace takardu, ya shirya ganawa da masu nema, ya bincika ko takardunsu na gaskiya ne.

Yana rubuta yarjejeniya. Kowane ma'aikaci ya san aikinsa, lokacin shiga da tashi, albashinsa, hutunsa, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi.

Yana lissafin albashi. Ya cire haraji da kuɗin fansho daidai, ya tabbata an aika su inda ya kamata, ya kuma ga cewa an biya a kan lokaci.

Yana shirya horo da ƙarin girma, domin wanda ya shiga yana ɗan aike kada ya tsufa yana ɗan aike.

Yana lura da lafiya da tsaron masu aiki: safar hannu, takalmi, abin kashe gobara, da abin da za a yi idan wani ya ji rauni.

Yana sasanta rikici. Idan an zargi ma'aikaci da laifi, shi ke ba shi takardar neman bayani, ya saurare shi kafin a yanke hukunci. Idan akwai ƙungiyar ƙwadago, shi ke zama da shugabanninta.

Wannan sana'a daga wahala ta fito. A Ingila, a 1913, wasu masu lura da jin daɗin ma'aikatan masana'antu suka haɗu a garin York suka kafa ƙungiya, domin sun ga yadda mata da yara ke shan wuya a wurin aiki. A ƙasarmu, a 1945 ma'aikata suka yi babban yajin aiki na fiye da wata ɗaya saboda tsadar rayuwa, Michael Imoudu na cikin jagororinsu. A 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley kusa da Inugu, a kan rikicin aiki. Irin waɗannan abubuwa ne suka koya wa gwamnati da kamfanoni cewa dole a samu mutanen da suka ƙware wajen zama tsakanin mai aiki da ma'aikaci tun kafin magana ta ɓaci.

Abin da doka ta ce

Ko ɗanka bai taɓa shiga jami'a ba, ya kamata ya san waɗannan. Suna cikin Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka yi a 1974, kuma ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu.

Kafin ma'aikaci ya wuce wata 3 da fara aiki, dole mai aiki ya ba shi takarda da ta bayyana sharuɗɗan aikin. Albashi da kuɗi ake biya, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. A cikin kowane kwana 7, ma'aikaci yana da hutun kwana ɗaya cur. Bayan ya yi wata 12 yana aiki, yana da hutun akalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Idan ya yi rashin lafiya kuma likita ya tabbatar, yana da har kwana 12 a shekara da biya. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 12, kuma idan ta yi wata 6 a wurin, za a ba ta akalla rabin albashinta.

Idan za a rabu, akwai sanarwa. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Daga shekara 5 zuwa sama, wata ɗaya. Wannan ya hau kan maigida, ya kuma hau kan ma'aikaci. Ba daidai ba ne ɗanmu ya tashi da asuba ya gudu daga shago da zarar ruwan shuka ya sauka, ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Dokar ta yi magana a kan koyon sana'a ma. Yaron da ya wuce shekara 12 amma bai kai 16 ba, iyayensa ne za su ba da shi, da yardarsa, a rubuce. Wanda ya kai 16 yana iya ba da kansa. A kowane hali yarjejeniyar ba za ta wuce shekara 5 ba, kuma jami'in ƙwadago ne zai tabbatar da ita. Ku tuna da saurayin nan da ya yi shekara bakwai.

Akwai kuma wasu dokoki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya kasance naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin shagunan Kwari a nan suke. Shi ya sa a shago yarjejeniyar da kuka yi ita ce garkuwarku. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 cikin 100, mai aiki ya sa kashi 10. A ce albashin da ake lissafi a kai naira 100,000 ne, to, ma'aikaci zai sa 8,000, kamfani ya sa 10,000, a tara masa 18,000 kowane wata a asusun da ke ɗauke da sunansa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya biya kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa idan ya rasu. Idan kuma rikici ya gagara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana zama a Kano.

Duk waɗannan, mai karatun kula da ma'aikata zai san su kamar yadda manomi ya san ƙasar gonarsa.

Hanyar karatu

Yanzu bari mu amsa wa uwar da ta yi tambaya. Hanyar tana farawa tun daga sakandare. Yaro yana bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, kuma dole a ciki a samu Turanci da Lissafi. Darasin tattalin arziki ma yawancin makarantu suna nemansa. Lissafi ne ya fi kayar da 'ya'yanmu na ƙauye. Idan kun ga yaro yana da rauni a nan tun yana aji huɗu, ku nema masa mai koya masa, kada ku jira sai sakamako ya fito.

Bayan haka sai jarrabawar JAMB. Akwai hanya biyu. Ta jami'a, shekara 4 ce. A nan arewa, yawanci ana shiga wannan fanni ta sashen gudanar da kasuwanci ko sashen gudanar da mulki, inda kula da ma'aikata ke cikin darussan da ake koyarwa. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, duk suna da waɗannan sassa. Jami'ar Legas tana da sashe na musamman a kan hulɗar ma'aikata da kula da su. Hanya ta biyu ita ce ta kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Jihar Kano ko ta Kaduna: shekara 2 a samu difloma, shekara ɗaya ta aikin koyo, sannan shekara 2 a samu babbar difloma. Bayan digiri ko babbar difloma sai bautar ƙasa ta shekara ɗaya. Wanda kuma yake zaman shago ba zai iya barin aiki ba, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ke da cibiya a Kano.

A makaranta zai karanta dokar ƙwadago, lissafin kuɗi, ƙididdiga, halayyar mutane a wurin aiki, da yadda ake tattaunawa da ƙungiyoyin ƙwadago.

Bayan takardar makaranta akwai takardar ƙwarewa. Cibiyar da doka ta ɗora wa lura da wannan sana'a a Najeriya ita ce CIPM. An kafa ta a 1968, doka ta tabbatar da ita a 1992, babban ofishinta yana Ikeja a Legas, tana kuma da rassa a jihohi. Jarrabawarta hawa-hawa ce, kuma mai digiri ko babbar difloma ba ya farawa daga hawan ƙasa. Manyan kamfanoni sukan tambayi wannan takarda kafin su ba mutum shugabancin sashe.

Maganar kuɗi kuwa, ba za mu ɓoye muku ba, karatu yana da tsada. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantunta da na jihohi rancen karatu ta asusun NELFUND. Rance ne, za a biya daga baya, amma ya fi sayar da gona. Shawararmu ita ce: a sayar da hatsi, a sayar da akuya, a shiga adashi, amma kada a sayar da gona ko shanun huɗa domin kuɗin makaranta. Idan yaro ya gama bai samu aiki nan da nan ba, gonar ce za ta riƙe shi.

Akwai abinci a cikinsa?

Akwai, amma ba a kan tabarma yake jira ba. Mai shago da yara uku ba zai ɗauki jami'in kula da ma'aikata ba, shi da kansa yake yin aikin. Wuraren da ke ɗauka su ne masu ma'aikata da yawa: masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, bankuna, asibitoci, manyan makarantu masu zaman kansu, otal-otal, kamfanonin gadi da na sufuri, ƙungiyoyin agaji, da ma'aikatun gwamnati har zuwa ƙaramar hukuma. Kuma ku sani masana'antu sun ragu. Masaƙu da yawa na Kano da Kaduna sun rufe tun daga shekarun 1990 zuwa 2000, saboda rashin wuta da shigowar yadi mai araha daga waje. Kamfani mai ma'aikata ɗari yana iya wadatuwa da mutum biyu a wannan ofis. Masu nema sun fi guraben yawa.

To, wa ke samu? A abin da muka gani, abu huɗu ne ke bambanta su. Na ɗaya, iya kwamfuta, musamman lissafin albashi a Excel. Na biyu, iya rubuta wasiƙa da Turanci mai tsabta, da iya bayyana ta da Hausa ga maigadi da direba. Ɗan ƙauyenmu da ke jin Hausa da Turanci, ya kuma zauna da Ibo da Yarbawa a Sabon Gari, yana da abin da wasu ba su da shi. Na uku, ya taɓa yin aiki. Lokacin aikin koyo da bautar ƙasa, ya roƙa a sa shi a ofishin ma'aikata, ko da jera fayil ne. Na huɗu, ya yarda ya fara daga ƙasa. Da yawa sun fara ne a matsayin akawu mai rubuta sunan waɗanda suka zo aiki.

Kuma kada ku raina kasuwar kanta. Manyan diloli masu shaguna da sito da motoci da yawa suna bukatar mai riƙe musu littafin ma'aikata, ko da ba su kira shi da sunan HR ba. Wanda ya yi zaman shago a Kwari sannan ya yi karatu, ya san abin da littafi bai koyar ba: ya san yadda ake yi wa maigida magana, ya kuma san zafin dako.

Gargaɗi ɗaya. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo wa ɗanku takardar ɗaukar aiki, ku yi hattara. Kamfanin da ke nema wa mutane aiki dole ya kasance da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ku ce ya nuna muku. Mun ga iyalan da suka sayar da buhunan masara suka karɓo takardar bogi. Haka nan wanda ya zo neman 'yan mata zuwa aikatau a birni ba tare da faɗin gida da suna da albashi ba, kada a ba shi.

Jarabar da ke cikin kujerar

Ku matasa masu sha'awar wannan karatu, ku ji wannan da kyau. Kamfani ne zai biya ka, amma rayuwar ma'aikata ce a hannunka. Wata rana za a ce ka rubuta takardar sallamar mutum talatin, wasu ka san matansu da 'ya'yansu. Doka ta ce idan za a rage ma'aikata, a sanar da wakilansu, a kuma bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwazo da amana. Aikinka shi ne ka tsaya a bi wannan, a kuma biya kowa haƙƙinsa.

Za a kawo maka kuɗi domin ka ɗauki wanda bai cancanta ba. Za a ce ka bar sunan mamaci a takardar albashi ku raba. Za a ce ka cire kuɗin fansho ka riƙe ba ka aika ba. Wani zai yi amfani da kujerar ya nemi 'yan mata masu neman aiki. Sannan akwai jarabar da ta fi kusa da mu: 'yan'uwa daga gida za su zo su ce, "Kai namu ne, ka sa namu." A gari kamar Kano, inda Musulmi da Kirista, Bahaushe da Ibo da Bayarabe ke aiki a ɗaki ɗaya, wanda ya ɗauki mutum ko ya kore shi saboda addini ko ƙabila yana hura wutar da za ta ci har gidansa. Mu da kanmu mun san zafin a hana mutum abu saboda sunansa. Kada ɗanmu ya hau kujera ya yi wa wani haka. Ku iyaye kuma, idan Allah ya ba ɗanku wannan matsayi, kada ku zama ku ne masu tura shi ga rashin gaskiya. Ku bar shi ya gaya wa ƙannensa lokacin da gurbi ya fito, ya koya musu rubuta takarda, sannan su shiga layi kamar kowa.

Abin da za mu fara tun yau

Ba sai mun jira wani ya dawo da digiri ba. Ga abin da kowane ƙauye zai iya yi a wannan rani.

Kafin yaro ya tafi zaman shago, uba ko kawu ya bi shi ya ga maigida ido da ido. A rubuta a takarda: shekara nawa zai yi, me za a riƙa ba shi, ina zai kwana, wace rana ce ta hutunsa, wa zai biya idan ya yi ciwo, da me za a sallame shi. Idan kuna so ya samu zuwa sujada ran Lahadi, a faɗa tun ranar farko a kuma rubuta. A sa hannu, a samu shaida ɗaya daga kowane ɓangare, kowa ya riƙe kwafi. A yi maganar da ladabi. Ku ce wa maigida, "Alhaji, ba don rashin yarda ba ne, don halin rai ne." Maigida mai gaskiya ba zai ƙi ba, domin takardar tana kare shi ma.

A samu littafi ɗaya a hannun magatakardan ikilisiya ko wani dattijo, a rubuta sunan kowane yaro da ke aiki a birni, da inda yake, da wanda yake hannunsa. Idan ya dawo Kirsimeti a zauna da shi a tambaye shi yadda zaman yake.

A gaya wa yaran su ma su riƙe amana. Yaron da ke ƙara kuɗi a kan turmi ya sa a aljihu, ko ya ba abokinsa kaya bashi a ɓoye, ya rufe wa na bayansa ƙofa.

Sannan mu duba kanmu. Mu ma iyayen gida ne. Muna ɗaukar 'yan ƙwadago a gona, muna da makiyayi, ikilisiya tana da maigadi da malaman makaranta da mai aikin ɗakin magani. Nawa muka yi da su? An rubuta? Muna biya a kan lokaci, ko sai sun yi ta sintiri a ƙofar gidanmu? Malamin da ya yi shekara ashirin yana koya wa 'ya'yanmu, me muka tanadar masa ran da ƙarfinsa ya ƙare? Ba za mu nemi adalci ga 'ya'yanmu a Kwari ba alhali mai yi mana noma yana bin mu kuɗin bara.

Muna roƙon kowace ƙungiya, ta maza, ta mata da ta matasa, ta zauna a kan waɗannan tambayoyi a taronta na gaba: 'Ya'yanmu nawa ne ke aiki a birni, kuma nawa ne a cikinsu ke da takarda? Wane yaro ko yarinya a cikinmu ke da kan lissafi da haƙurin sauraron mutane, wanda za mu haɗa hannu mu tura wannan karatu? Wa muke bin haƙƙinsa a ƙauyen nan, kuma yaushe za mu biya?

Idan kun tattauna, ku aiko mana da abin da kuka yanke ta hannun shugabanninku. Wanda kuma yake so a taimaka masa rubuta yarjejeniyar ɗansa, ya same mu bayan an tashi, mun zo da takarda da biro.